Tarihin Rayuwata (Kashi na 11): Tauraron da Ke Ƙirjin Baden-Powell

Makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya yarda in shiga sikawut, bayan Inna ta sa baki. Muna zaune a Aboabo, cikin Kumasi, ina aji biyar na firamare. Kaki da ƙyallen wuya da kwanan daji su suka ja ni. Tarihin wanda ya kafa ƙungiyar kuwa mun haddace shi kamar karatun allo: an haifi Robert Baden-Powell a Landan a 1857, ya tara yara a tsibirin Brownsea a 1907, ya rasu a Nyeri ta ƙasar Kenya a 1941. Iyakar inda malaminmu yake tsayawa ke nan.

Kawu, ƙanen Inna, tsohon soja ne. Wata rana ya ɗauki ɗan littafina na sikawut, ya daɗe yana duban hoton Baturen, ƙirjinsa cike da lambobin yabo.

"Ɗana, ka san aikin mutumin nan kafin ya fara tara yara?"

"A'a, Kawu."

"Hafsan sojan doki ne. Kuma ɗaya daga cikin lambobin nan, a garin nan da kake zaune ya same ta."

Sauran bayanin sai da na girma na karanta da kaina. A 1876 ya shiga rundunar dawakai ta 13th Hussars a Indiya, inda ya yi suna wajen bin sawu da leƙen abokan gaba. A 1897 aka ba shi shugabancin 5th Dragoon Guards. Sunansa ya cika Ingila ne bayan Buwa, wato fararen fata 'yan asalin Holand da ke Afirka ta Kudu, sun yi wa garin Mafeking ƙawanya har kwana 217, daga 1899 zuwa 1900, shi kuwa ya riƙe garin. A 1903 ya zama sufeto-janar na sojan doki, ya yi ritaya a 1910 yana laftanar-janar.

Amma lambar da Kawu yake nufi ita ce Tauraron Asante, kuma ita ce ta tsaya mini a rai. A ƙarshen 1895 Turawa suka tashi runduna daga Cape Coast ƙarƙashin Sir Francis Scott, suka nufo Kumasi. Doki ba ya rayuwa a wannan kurmi, don haka mahayin namu a ƙasa ya yi aikinsa. An ba shi ɗaruruwan 'yan ƙasa, su ne a gaba, suna sare hanya, suna kafa gadoji, suna leƙo abin da ke gabansu. Suka ƙetare kogin Pra, suka shiga Kumasi a Janairun 1896. Ba a yi yaƙi ba. Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, ya hana mutanensa ɗaukar makami don kada a sake ƙone garin kamar yadda aka yi a 1874. Shi da mahaifiyarsa Yaa Akyaa suka durƙusa gaban Gwamna Maxwell a idon jama'a. Gwamna ya nemi zinariya oza 50,000, da ba a iya biya nan take ba sai aka kama su. Aka kai sarkin Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani tsibirin Seychelles. Bai sake taka Kumasi ba sai 1924.

Waɗanda Turawa suka rasa a tafiyar, zazzaɓi ne ya kashe su, har da Yarima Henry na Battenberg, mijin 'yar Sarauniya Victoria. Bayan haka aka ƙera lambar: tauraro na tagulla mai kusurwa huɗu, da gicciye a jikinsa, ana rataya shi da zare rawaya mai ratsin baƙi biyu, a bayansa an rubuta cewa daga Sarauniya yake. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sarki ya miƙa wuya don ya ceci talakawansa, aka wulaƙanta shi gaban uwarsa, sannan waɗanda suka yi hakan aka liƙa musu tauraro.

Kawu bai bar ni na ɗora laifin duka a kan Bature ba. Ya ce, "Kada ka manta, akwai sojojin Hausa a cikin rundunar nan. Namu ne, da harshenmu ake ba su umarni." Wannan ita ce ta fi yi mini nauyi, domin rabin abokaina a sikawut Tonawa ne, wato mutanen Asante. Tare muke ƙamewa mu sara wa hoton nan, tare muke cin abinci a kwano ɗaya a sansani, kuma ina son ƙungiyar da gaske, don a cikinta na koyi ɗaure igiya da agajin gaggawa da riƙon alkawari.

Asabar ɗin da ta biyo, bayan fareti, na ɗaga hannu a gaban dukan yara na tambayi malaminmu ko ya san dalilin da ya sa aka ba Baden-Powell wannan tauraro. Amsar da ya ba ni, da yadda maganar ta kai har kunnen Baba kafin magariba, su zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.