Abin da Facin Tayar Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Koya Mini

Tayar babur mai ƙafa huɗu ta sha bamban da ta mota, kuma kusan duk bambancin a iska yake. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki iska psi 30 zuwa 35 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), amma ta wannan babur yawanci tsakanin 3 da 7 take aiki, domin an yi ta ne ta baje a kan yashi da taɓo maimakon ta nutse. Wannan ne abu na farko da maigidana ya cusa mini a kai sa'ad da na fara kula da injuna a wata gonar rani kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa a jihar Gombe, inda babur ɗin ke zagayen fili da jigilar buhunan taki.

Ƙarancin iskar nan shi ne ke wahalar da mai neman huji. Idan ƙusa ta shiga tayar mota, sau da yawa kunne ma yana jin fitar iska, amma a nan ƙayar aduwa ko ta bagaruwa takan karye a cikin roba ta toshe ramin da kanta, iska ta riƙa sulalewa a hankali, sai da safe a tarar taya ta kwanta. Saboda haka sai an wanke laka tas, an ɗan ƙara iska, sannan a bi tayar da ruwan sabulu tsagi bayan tsagi ana jiran kumfa. Inda ƙaya ɗaya ta shiga, da wuya a ce ita kaɗai ce, shi ya sa maigida kan hana ni tsayawa a hujin farko. Yakan ce, "Yaro, zagaya ta duka, ka duba bawul da bakin rim kafin ka ɗauki filaya." Gaskiyarsa, domin a lokacin ban ruwa laka takan shige tsakanin rim da leɓen taya, wato bakinta da ke manne da rim, iska ta riƙa fita ta nan alhali babu huji ko ɗaya.

Da yake yawancin waɗannan tayoyi ba su da tiyub, facin kansa ba ya buƙatar a kwance ƙafa. Ana zare ƙayar da filaya, a lura da kusurwar da ta bi ta shiga, a tura ƙarfen gurza ta wannan kusurwar a share ramin. Daga nan sai a saƙala igiyar faci mai danƙo a idon allurarta, a shafa mata sholisho, a danna har kusan kashi biyu cikin uku ya shige, a fizge allurar kai tsaye ba tare da murɗawa ba, a yanke abin da ya rage a waje. Wanda ya tura ƙarfen a miƙe alhali ƙaya a karkace ta shiga, ya buɗe rami na biyu kusa da na farko ke nan.

Akwai inda na koyi ajiye allura. Bayan girbi, kututturen masara da na dawa da aka sare a karkace sukan tsaga gefen taya, wurin da roba ta fi siranta kuma take lanƙwasa a kowane juyi. Igiyar da aka cusa a nan za ta iya kai babur gida a hankali, amma ba gyara ba ne, ko da mai babur ya matsa. A ganina gara a faɗa masa gaskiya ya nemi sabuwa, duk da cewa samun irin wannan taya a kasuwanninmu ba abu ne mai sauƙi ba.

Aikin da ya fi haɗari shi ne mayar da leɓen taya kan rim idan ya zame, abin da ke faruwa idan aka ci gaba da tuƙi ba iska. Mu dai mukan ɗaure tsakiyar tayar da igiyar ɗaurin kaya mu matse, mu cire cikin bawul, mu shafa ruwan sabulu, sannan mu ba ta iska har a ji leɓen ya zauna, ba tare da wuce adadin da aka rubuta a gefen tayar ba. Dabarar zuba fetur a kunna ashana, wadda wasu ke alfahari da ita, maigida bai taɓa yarda an yi ta a gabansa ba.

Bayan leɓe ya zauna dole a sauke iska zuwa awon da kamfani ya rubuta a jikin babur, kuma da gejin ƙaramar iska, domin allurar gejin masu facin bakin titi da ƙyar take motsi a psi 5. Da yawa daga cikin waɗannan babura ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafunsu na baya, suna juyawa tare, don haka idan ɗaya ta fi ɗaya iska ko da kaɗan ne, sai ta fi ta girma, babur ya riƙa ja gefe guda a kan kunya. Saboda wannan, idan na gama facin ƙafar hagu, sai na auna ta dama ma kafin in miƙa mabuɗi.