Ba na sayen adireshin imel

Dillancin intanet nake yi: in tallata kayan wasu, in an saya ta hannuna a ba ni la'ada. Jarina adireshin imel ne na mutanen da suka ba ni da kansu, bayan na ba su ɗan littafin gyaran waya kyauta. Na sayarwa kuwa, ko da araha ba na so.

Tun 2024 Gmail ya gindaya wa masu tura saƙo 5,000 a rana sharaɗi: ƙorafin masu karɓa cewa saƙon banza ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, kuma a sa maɓallin ficewa daga jerin masu karɓar saƙo. Ban kai can ba, amma ina bi. Wanda ya daina buɗe saƙona cire shi nake yi, don kuɗin Mailchimp, manhajar tura imel ga mutane da yawa, da yawan mutane yake tafiya.