Jinyar Malam, lokacin da jini ya daina sauka ƙafarsa

Maigidana tela ne a Fagge. Ya daɗe da ciwon suga, kuma tun yana saurayi yake shan taba. Abubuwan nan biyu su suka haɗu suka kai mu gadon asibiti a farkon shekarar 2023, sanyi na kan ganiyarsa, kuɗi kuma sun ɓace a hannun jama'a saboda canjin takardun naira. Ina rubuta wannan ne don matan da za su tsinci kansu inda na tsinci kaina, domin ciwon toshewar jijiyar jinin ƙafa ba kowa ya san shi ba, kuma mafi yawan shawarar da masoya ke kawowa a kansa ƙara shi take yi.

Ya daɗe yana nuna kansa kafin ya kwantar da shi. In Malam ya kama hanyar masallacin Juma'a, sai sharaɓarsa ta hagu ta ɗaure, ya tsaya ya huta, ta sake shi, ya ci gaba. Daga baya ciwon ya koma na dare. Da ya miƙe a gado sai yatsun su ɗauki raɗaɗi, ba ya samun sauƙi sai ya zuro ƙafar ƙasa, har ta kai yana barci a zaune a kujera. Ƙafar kullum sanyi ƙalau, gashin ƙwaurin ya zube, fatar tana sheƙi. Sai sabon takalmi ya ɗan goge masa ƙaramin yatsa. Ciwon da bai kai ƙwayar wake ba ya ƙi warkewa, ya yi duhu, ya koma baƙi ƙirin, na kusa da shi ma ya soma bi.

Ranar da aka ba mu gado, wata likita ta auna hawan jininsa a hannu, ta sake aunawa a idon sawu. Ta shafa wani mai mai santsi a bayan ƙafar, ta ɗora wata 'yar na'ura mai fitar da ƙarar gudun jini. A ƙafar dama ƙarar na fita sarai, fuu, fuu, fuu. A ta hagu sai da ta yi ta lalube, ta matsa nan ta matsa can, kafin muka ji wani abu can ƙasa-ƙasa. Ta ce ana raba awon ƙafa da na hannu. Na mai lafiya yakan faɗa tsakanin 1.0 da 1.4, daga 0.9 zuwa ƙasa akwai toshewa, na Malam kuwa bai wuce 0.5 ba. Ta ce in ɗauki jijiyar da ke kai jini ƙafa kamar bututun famfo da laka ta taru a cikinsa: ruwa na zuwa, amma ba ya isa ƙarshen layi. Kitse ne ke manne wa bangon jijiyar, suga da taba da hawan jini suna hanzarta shi. Naman da jini bai isa gare shi ba ba ya warkewa, ƙarshe ya mutu. Ga shi kuma suga ya riga ya kashe masa ji a tafin ƙafa, shi ya sa takalmin ya ci shi bai sani ba.

A ɗakin maza ba a barin mace ta kwana. Ƙaninsa da babban ɗanmu ke karɓa-karɓa a kan tabarma da dare, ni kuma in iso bayan asuba da filas da kwanon abinci. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta komai: awon suga na safe da na yamma, sunan kowace allura, abin da ya ci, ko ya yi barci. Littafin nan ya yi mana rana, don likitocin da ke zagaye yau ba lallai su ne na gobe ba, kuma sukan yi maganarsu da Turanci a kan mara lafiya su wuce. Na koyi tsayawa a bakin ƙofa in tare ƙaramin likita in ce, don Allah likita, a faɗa mini da Hausa. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba.

Akwai kuma halin mazanmu. Malam zai kwana yana cije leɓe, amma da likita ya ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, sai dai likita da abin da aka gaya masa yake aiki. Ni ce ke ƙarawa: likita, bai runtsa ba jiya, ƙafar a ƙasa ta kwana, yatsan na biyu ya fara ruwa. Da farko Malam ya ji haushi, yana ganin na tona masa asiri a gaban yaran da ya haifa. Amma ranar da aka canza masa maganin ciwo ya yi barcin kirki, bai sake hana ni ba.

Batun kuɗi ba zan tsawaita ba, duk wanda ya yi jinya a watannin nan ya sani. Auduga, bandeji, safar hannu, ruwan wanke ciwo, duk kai za ka sayo. Ka tura kuɗi ta waya su maƙale, mai POS ya yanki nasa kafin ya ba ka 'yan tsiraru. Yaran shagonsa da abokan sana'arsa sun tsaya mana, har biyu daga cikinsu suka ba da jini. Allah ya saka musu da alheri.

Aikin da ya fi gajiyar da ni shi ne tsare ƙafar daga 'yan dubiya. Kowa da ƙauna ya zo, kowa da maganinsa. Wannan ta ce a gasa da ruwan zafi tunda ƙafar sanyi take yi, wancan ya ce a kawo kaskon garwashi kusa. Ƙafar da ba ta jin zafi za ta ƙone mai ita bai sani ba, ƙunar kuma ba jinin da zai warkar da ita. Wani ya zo da man zafi zai murza. Wani dattijo ya ce a kira wanzami ya yi tsaga a fitar da mataccen jini, alhali ana yi wa Malam allurar tsinka jini a fatar ciki, ko ɗan yanka ne ba ya tsayawa da wuri. Wata gwaggonsa, da na fita karɓo magani, ta tattara filo ta ɗaga masa ƙafar sama, don ta ga an yi wa na gadon kusa haka. Shi wancan bawan Allah gudan jini ne ya toshe masa jijiyar da ke mayar da jini sama, ƙafarsa ta kumbura suntum, ɗagawa na taimakonsa. Na Malam akasin haka ne, jinin ne ba ya sauka, ɗagawa ƙara hana shi take yi. Na dawo na tarar yana gumi don azaba, ya kasa ce wa gwaggonsa ta bari. Na zare filon ina ba ta haƙuri, na ce Gwaggo, likita ne ya hana. Daga ranar na gane cewa duk abin da zan hana, in jingina shi ga likita, kowa ya tsira da mutuncinsa. Haka na yi da lemon kwalba da dabino da fura mai suga da ake ta kawowa: in karɓa, in yi godiya, in kai wa yara gida.

Suga kuma ta ɓangare biyu yake kai hari, in ya hau da in ya faɗi. A asibiti an mayar da shi kan allurar insulin. Wata safiya an yi masa allurar, abinci bai shiga cikinsa ba don ana jiran a ɗebi jini. Ina ninke zanin gado na ga goshinsa ya jiƙe sharkaf cikin wannan sanyi, hannunsa na rawa, ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Na ruga na kira nas. Ta soki yatsa ta auna, sugan ya faɗi ƙasa da 70. Tunda yana iya haɗiya, ta sa na jiƙa suga a ruwa na ba shi, cikin mintoci kaɗan ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya faru. Tun daga nan ba na rabuwa da ƙwayoyin suga a jakata, kuma ba a yi masa allura sai na tabbatar abinci na kusa.

Aka zo maganar hoto. Akwai wanda ake zuba wani ruwa a jijiya don hanyoyin jini su fito, amma sai an gwada ƙoda tukuna, an kuma dakatar da ƙwayar maganin suga mai suna metformin, saboda ruwan na iya taɓa ƙoda. Hoton ya nuna toshewa a jijiyar cinya. Babban likitan ya ce abu biyu za a yi, kuma a jere: a fara buɗe hanyar da wani ɗan balan-balan da ake zurawa ta matsematsi, sannan a cire yatsu biyun da suka mutu. In an yanke ba a buɗe ba, wurin yankan ba zai warke ba. In kuma an bar su, ruɓar za ta hau, abin da yake yatsa yau ya zama ƙasan gwiwa, ko guba ta shiga jini.

A nan gida ya rabu biyu. Inna, mahaifiyarsa, da babban wansa suka ce a sallame shi a kai shi ƙauye wajen mai magani, ba za a rage wa mutum gaɓa yana da rai ba. Ban ga laifin Inna ba, uwa ce. Amma na ga gadajen da ke ɗakin nan, na ga waɗanda aka fitar suka dawo bayan makonni ana toshe hanci, aka yanke musu har cinya. Ni matarsa ce, ba ni da bakin ja da Inna, kuma ba ni zan sa hannu a takarda ba, shi zai sa. Abin da na iya shi ne na roƙi likitan ya zauna da su ya nuna musu hoton ya yi bayani da Hausa, na kuma aika aka roƙi limamin unguwarmu ya zo dubiya. Liman bai yi dogon wa'azi ba. Ya kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya ba da labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman Madina, wanda ruɓa ta kama ƙafarsa a tafiyarsa zuwa Sham wajen halifa Walidu ɗan Abdulmalik, aka yanke ta, ya yi haƙuri ya ci gaba da karantarwa. Inna ta yi kuka, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Da kowa ya watse, Malam ya ce, "Maman yara, in suka yanke, da me zan taka keke?" Sai a lokacin na gane abin da ke cin ransa. Ba wuƙar yake tsoro ba, zama ba sana'a yake tsoro, ya koma mai jiran a ba shi. Na ce, "Malam, ƙananan biyu za su cire, babban yana nan. Kuma yaran shagonka ma ai da mota suke ɗinki yanzu." Ya yi shiru mai tsawo, ya ce a kira ƙaninsa a sayar da filinsa na bayan gari. Washegari ya sa hannu.

Wannan magana ta canza yadda nake jinyarsa. Mutumin da ya saba fita da safe ya ajiye kuɗin cefane, yau ana kawo masa fo, ana goge masa jiki, yana taimama yana salla a kwance. Sai na riƙa kawo masa lissafin gida kullum: ga abin da ya shigo daga shago, ga kuɗin makarantar yara, me za a yi? Ko na san amsar, sai na tambaya. In za a gyara shi, in ja labule, in sallami kowa. Taba ce ta fi ba mu wuya. Ya yi ta faɗa ba dalili, ya ƙi abinci, ya taɓa aiken wani yaro a ɓoye, yaron ya zo ya gaya mini. Likita ya faɗa masa a gabana cewa in ya koma mata, hanyar da za a buɗe za ta sake toshewa. Na daure wa faɗan, don na san ba da ni yake ba. Ni ma jiki ya gaya mini, har wata nas ta zaunar da ni ta auna ni ta ce jinina ya hau, daga nan ƙanwata ta riƙa karɓata in je in kwanta.

An yi aikin buɗewar a wata cibiya da aka tura mu, aka dawo aka cire yatsun. Da na taɓa ƙafar bayan aikin na ji ɗumi a cikinta. Wurin ya ɗauki watanni kafin ya rufe, muna ta zaryar wankin ciwo har bayan sallar azumi.

Yanzu ya koma shago, an sa wa kekensa mota. Kowane dare ina duba ƙafafunsa biyu da fitila, tsakanin yatsu da dunduniya, ina neman faso ko bororo ko canjin launi. Ina shafa masa mai amma ban da tsakanin yatsu. Ruwan wanka da gwiwar hannuna nake gwadawa. Ba ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, yana zazzage takalmin kafin ya sa. Yana shan asfirin da maganin rage kitsen jini ba fashi, don an gaya mana abin da ya toshe ƙafa yana iya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa. An ce ya riƙa tafiya har sharaɓar ta fara ciwo, ya huta, ya ci gaba, kamar rabin awa, aƙalla sau uku a mako; ɗanmu ke raka shi bayan la'asar. Ƙafar dama ma awonta ya ɗan sauka, ana bibiyarta. Likita ya ja mana kunne cewa in ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari, ta mutu ko ta ɗauki ciwo mai tsanani, kada a jira gari ya waye, don bayan kamar awa shida naman na fara mutuwa. Na gaya wa kowa a gidan, har Inna, kuma mun yi magana da wani maƙwabcinmu mai adaidaita sahu, ya ce ko ƙarfe nawa ne a buga masa ƙofa.