Sup ɗin da ba ya cikin tarinsa

Talata. Darasin lissafi da safe, gardama kuma har magariba.

Malam ya rubuta tarin lambobin da suka fi 0 amma ba su kai 1 ba, ya ce a ba shi sup (supremum), wato mafi ƙanƙanta cikin lambobin da babu wata lambar tarin da ta wuce su. Aji ya amsa 1, ya wuce abinsa. Da aka tashi wata mutuniyata 'yar ajinmu ta tare ni: "Ke, ta yaya lambar da ba ta cikin tari za ta zama ita ce samansa?" Wai ita 0.999 ce babba. Na ce 0.9999 fa? Ta ƙara tara, na ƙara tara, har muka fara dariya. Na ce to ki ba ni duk lambar da kika ga dama ƙasa da 1, ki kira ta x, ni kuma in ba ki (x+1)/2. Ta fi taki, kuma ba ta kai 1 ba. Wato tarin ba shi da babba kwata-kwata. Iyakar sama kuwa yana da su birjik: 5, 2, 1 duk sun tare shi, sup shi ne mafi ƙanƙantarsu. Sauko daga 1 da kowane ɗan ε, wato tazara komai ƙanƙantarta, wata lambar tarin za ta haura ki.

"To idan taran ba ya ƙarewa fa?" Na ce ai wannan 1 ce da kanta. Ta harare ni kamar na cuce ta a ciniki. A kan inf (infimum) dai, wato kishiyar sup ta ƙasa, ba ta yi musu ba: 1, 1/2, 1/3, suna ta sauka, inf 0, kuma 0 ba ta ciki.

Aikin gida ban taɓa ba. Kai na ciwo.

Abin da ya hana ni sukuni da dare daban ne. Ɗauki lambobin da ake rubutawa p/q kawai, wato cikakkiyar lamba bisa cikakkiyar lamba, waɗanda in an ninka su da kansu ba su kai 2 ba. Suna da iyakar sama, 1.5 ma ta isa, amma a cikin irinsu babu mafi ƙanƙanta, domin wurin na √2 ne, ita kuwa ba ta rubutuwa p/q. Rami ne a layin lambobi. Sai a 1872 Dedekind, masanin lissafi ɗan Jamus, ya wallafa yadda za a cike shi. Mu kuwa yau an ba mu maganar cike ramin a layi ɗaya a allo, wai ƙa'ida ce, a karɓa, jarrabawa mako mai zuwa. Ko tambaya babu wanda ya yi, har ni.