Rifit ɗaya tal

Asabar. Sanyin gareji ya ƙage min yatsu, sai da hita ta yi rabin awa kafin na iya riƙe bindigar rifit yadda ya kamata. Aikin yau rufe fallen hagu na fiffiken wutsiyar RV-7, ƙaramin jirgin saman da muke haɗawa a gida, da rifit, wato 'yan ƙusoshin da ake baje gindinsu su haɗa falle da abin da ke ƙarƙashinsa. Tun makon jiya aka huda ramukan da bakin dirila mai lamba 40, aka share kaifinsu, aka lotsa bakin kowanne don kan rifit ya shafe da falle. Kiliko farare, 'yan maƙalan da ke riƙe falle kafin a sa rifit, sun yi cirko-cirko kamar ƙayar bushiya. Ɗana Abba na riƙe da ƙarfen tokare gindin rifit ta ciki, ni da bindiga ta waje, ƙarfin iskar bindiga a kan 35, rifit AN426AD3-3.5. A cire kiliko, a sa rifit, a buga. Sama da hamsin suka zauna tsaf, har muna raha.

Sai guda ɗaya a haƙarƙarin tsakiya, ɗaya daga ƙarafan cikin fiffike da falle ke kwanciya a kansu. Ƙarfen tokaren ya ɗan karkace, gindin rifit ɗin ya kwanta gefe maimakon ya baje daidai. Ƙa'ida dai sananniya ce: faɗin gindin da aka buga ya kai kaurin rifit sau ɗaya da rabi, tsayinsa rabin kaurin. Na sa ma'auni, ya yi, amma da ƙyar. Babu tsaga, ramin ma bai leƙo ta gefensa ba. Muni kawai gare shi, a wurin da ba idon da zai sake ganinsa in an rufe fallen. Na ce a cire.

Cire rifit ba wuya in an bi shi a hankali. A fara ɗiga alama a tsakiyar kan, a juya bakin dirila da hannu sau biyu ko uku ya kama wuri, a huda iya zurfin kan kaɗai, a zura ɗan ƙarfen turawa a ɓalle shi, sannan a tokare haƙarƙarin ta baya a fitar da sauran. Ni na tsallake juyawa da hannun. Bakin ya zame gefe, ramin da yake zagayayye ya koma kamar ƙwai. Fallen nan na alminiyam 2024-T3 kaurinsa kamar na katin banki ne kawai, kuma abin da dirila ta cinye ba ya dawowa.

Maganinsa rifit NAS1097AD4, wanda jikinsa 1/8 ne na inci amma kansa ƙarami, daidai lotsawar tsohon rifit mai 3/32. Kafin na buɗe ramin zuwa lamba 30 sai da na auna daga tsakiyarsa zuwa bakin haƙarƙarin, don dole tazarar ta ninka kaurin rifit sau biyu, wato 1/4 na inci. Ta kai, da ɗan rara kamar silin gashi. Da ba ta kai ba, sai dai faci ko sabon haƙarƙari daga kamfanin jirgin a Aurora ta Amurka, da jiran mako guda ko fiye.

Bayan la'asar dattijon EAA, ƙungiyar masu haɗa jirgi da kansu, ya leƙo kamar yadda ya saba. Ya sa fitila da ɗan madubinsa ya bi layin gaba ɗaya, ya tsaya daidai wurin. Na nuna masa hoton yadda tsohon yake. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo min wayar.

"Ai da ka bar shi," in ji shi. "Wancan zai riƙe. Mai cire rifit ya fi mai buga shi ɓarna."

Na ce to wannan sabon fa?

"Shi ma zai riƙe. Ci gaba da aikinka."

Shi ke nan, ya koma maganar injin jirgi na Lycoming. Ni kuwa maganar ta tsaya min a wuya. Ba ramin ne ya dame ni ba, an gyara shi bisa ƙa'ida. Ma'auni ya ce ya yi, ni na ƙi yarda, garin neman gira na kusa rasa ido. Ga rifit dubbai a gaba, na fukafukai da tankunan mai da gangar jiki, kuma ko a AC 43.13-1B, littafin ƙa'idojin gyaran jirgi, lambobi kawai za ka samu, ba inda aka rubuta lokacin da mutum zai cire hannu ya wuce. In na saba da cewa "ya isa haka", ina zan tsaya? Jirgin nan kujeru biyu gare shi, kuma na san wanda ya riga ya kama ta dama. Abba bai ce uffan ba tun da abin ya faru, ina jin ya ɗauka laifinsa ne. Ban gaya masa ba nasa ba ne, ya kamata in gaya masa da safe.

Hotuna shida a kundin aiki, har da na ramin ƙwan. Awa huɗu da rabi. Mai duba jirgi na FAA, hukumar jiragen saman Amurka, zai so shaidar cewa mu muka yi fiye da rabin aikin, to ga shaida.

Maman Abba ta sake tambayar yaushe motarta za ta koma gareji. Na ce bayan fukafukai. Ta yi dariyar nan tata.

Bakin lamba 40 ya dakushe, a sayo shida. Kwamfureso na yoyon iska ta wajen mahaɗi. Saura rifit 38 a layin ƙasa.