Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙwallon da Ya Ƙi Yin Ja

Makon jiya na tsaya ne a inda Oga ya miƙo mini makullin ɗan ɗakin nan na bayan ofishinmu da ke PZ a Zariya, ya ce daga yau kwamfutar da ke ciki ta dawo hannuna. Na karɓa ina murna a zuciya, a zatona ƙarin girma aka yi mini. Sai daga baya na gane cewa duk wanda ya girme ni a ofishin ya taɓa riƙe makullin nan, kuma kowa da dabarar da ya bi ya sulale ya bar shi.

Kwamfutar tsohuwa ce, irin mai ƙaton akwati, tana gudu da Ubuntu, wani nau'in Linux, ba a haɗa ta da intanet ba, kuma babu mai zama a gabanta. Aikinta ɗaya ne. Duk bayan 'yan mintuna Jenkins da ke cikinta, wato manhajar da ke kula da gina aikinmu da gwada shi, yakan leƙa rumbunmu na Git, inda muke adana rubutun manhajarmu, ya ga ko wani ya turo sabon rubutu. In ya samu sai ya jawo, ya kira sikirif ɗinmu, wato jerin umarnin da muka rubuta, sikirif ya kira Make mai tsara aikin ginin, Make ya sa kwamfaila, mai juya rubutunmu zuwa yaren inji, ta harhaɗa manhajar, a gudanar da gwaje-gwaje, sannan a fitar da fayil ɗin da muke sawa a filashi mu kai wa makarantu. Manhajar lissafin sakamakon jarrabawa ce, da C++ aka rubuta ta tun kafin zuwana. In komai ya tafi daidai sai ɗan ƙwallo shuɗi ya bayyana, in an samu matsala ya koma ja. Na taɓa tambayar Anti, babbar mai rubuta mana manhaja, dalilin da ya sa ba kore ba ne kamar fitilar ba-da-hannu. Ta ce ai Kohsuke Kawaguchi da ya ƙirƙiro Jenkins ɗan Japan ne, su kuwa can fitilar wucewa shuɗiya suke kiranta. Da sunan Hudson ma manhajar ta fara, sai a 2011 aka raba gari ta koma Jenkins.

Satin farko na sha ƙananan wulakanci irin wanda kowane sabon shiga ke sha. Na ƙara layi ɗaya a Makefile, fayil ɗin da Make ke bin umarninsa, na buga tazara huɗu a farkonsa, Make ya tsaya cak ya ce "missing separator". Awa biyu ina kallon layin, babu harafin da ya ɓace. Ashe Tab yake so, alhali a ido tazara da Tab ba su da maraba. Stuart Feldman ne ya rubuta Make a Bell Labs a 1976, kuma ya faɗa da bakinsa cewa lokacin da ya gane wannan zaɓi bai yi ba, mutum wajen goma sha biyu sun riga sun fara amfani da shi, sai ya ƙi tayar musu da hankali. Saboda kunyar mutum goma sha biyu a Amurka, ga ni a Zariya na rasa cin abincin rana. Wata rana kuma na gyara sikirif a kan Windows na tura, injin ya ce bai san wani abu wai shi sh mai ^M a wutsiya ba, domin Windows da alamomi biyu take rufe layi, Linux da ɗaya. Wannan, umarnin dos2unix ya share shi cikin daƙiƙa. Ire-iren waɗannan masu sauƙi ne, tun da suna ihu a ji su.

Babbar matsalar kuwa cikin shiru ta zo, cikin hunturu, ana dab da rufe zangon farko. Wata makarantar kuɗi a Tudun Wada ta kawo ƙorafi cewa idan yara biyu suka yi kunnen doki a jimillar maki, manhajar takan ba ɗaya na uku ta ba ɗayan na huɗu, maimakon su raba na ukun. Wanda ya san iyayen yara ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Anti ta gyara cikin yini guda, ta ƙara gwajin da zai kama shi nan gaba, ta tura. Ƙwallo ya yi shuɗi. Na sa a filashi, na hau keke, na kai, na sa musu da hannuna.

Bayan kwana biyu shugabar makarantar ta kira Oga. Ina jin muryarta daga inda nake zaune.

Oga ya ajiye waya ya dube ni. "Malam, wane fayil ka kai wa Hajiya?"

"Yallaɓai, wanda injin ya fitar ne. Sai da na ga ya yi shuɗi."

"To ka koma ka kai na gaskiya."

Na sake kwafa, na sake kaiwa, yaran nan biyu dai na uku da na huɗu. Anti ta harhaɗa a kan laftof ɗinta, abu ya fito daidai. Ta buɗe rumbun Git ta nuna mini gyaranta yana nan zaune, kuma na shiga ɗakin baya na buɗe fayil ɗin a kan injin da kansa, na ga gyaran da idona. Rubutu sabo, manhaja tsohuwa. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ni a ranar na fi karkata ga zargin filashina, har na sayo sabo a Sabon Gari da kuɗin aljihuna.

Daren Laraba na ce ba zan koma gida ba sai na gano. Na kira Umma na ce kada a ajiye mini tuwo, ta ce, "Wannan aiki naku na kallon gilashi har da kwana?" Na sayi shayi da burodi wurin mai shayin ƙasan bene, na rufe kaina a ɗakin, sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wato na buɗe rahoton ginin na karanta daga sama. Da ma can ƙasa kawai nake leƙawa. Rahoton gajere ne ƙwarai, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsorata ni, domin ginin da ya saba cin minti goma sha ya ƙare cikin daƙiƙu. Babu layin kwamfaila ko ɗaya. A tsakiya ga gargaɗi cewa wani fayil yana ɗauke da lokacin da bai zo ba tukuna, a ƙasa kuma "Clock skew detected. Your build may be incomplete." Ma'ana agogo ya karkace, mai yiwuwa ginin bai cika ba.

Na buga date a baƙin allon. Injin ya ba ni wata shekara da ina makarantar sakandare.

A nan ya kamata in ɗan tsaya, don wanda bai san halin Make ba ba zai ga haɗin agogo da sakamakon yara ba. Make ba ya karanta abin da ke cikin fayil. Lokaci kawai yake dubawa. Yakan ɗauki fayil ɗin da mutum ya rubuta ya gwada da wanda kwamfaila ta fitar daga gare shi: in na mutum ya fi sabunta sai a sake harhaɗawa, in kuwa na kwamfaila ne ya fi sabunta sai ya ce babu aiki, ya wuce. Wannan ce hikimarsa, ita ke hana a sake gina gida gaba ɗaya don an canza taga. Shi kuma Git ba ya adana lokacin da aka rubuta fayil, in ya sauke shi a kan inji sai ya buga masa lokacin da agogon injin ke nunawa. To agogonmu ya koma baya da shekaru. Gyaran Anti ya sauka da tambarin tsohuwar shekara, tsofaffin fayilolin da aka harhaɗa tun agogo na da lafiya suna ɗauke da tambarin bana. Make ya duba ya ga na bana ya fi sabunta, ya naɗe hannu. Sabon gwajin ma ba a harhaɗa shi ba, tsofaffin gwaje-gwaje ne suka gwada tsohuwar manhaja, suka ce lafiya lau.

Me ya mayar da agogon baya? A kan babban allon cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo idan an kashe inji. Namu Allah kaɗai ya san yaushe ya mutu, amma ba a gane ba saboda inbata ba ta taɓa barin injin ya mutu ba. Da baturan inbatar suka fara rauni, sai ya zama in an ɗauke wuta da dare injin ya mutu, in an kawo ya tashi da kansa, ya tashi a wata shekara. Babu intanet balle ya tambayi lokaci. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, kwanan watan nan na banza yana rubuce a gefen kowane ƙwallo har tsawon mako uku, ni kuwa launi kawai nake kallo.

Da safe na je wurin wani mai gyaran agogo a Sabon Gari, ya ciro batirin daga cikin gwangwanin alewa, kuɗinsa bai kai na shayin da na sha da dare ba. Na sa, na saita lokaci, na buga make clean ya share duk tsohon tarkace, na tayar da gini daga tushe. Na kira Anti ta zo ta ga aikina. Har na fara tsara yadda zan ba Oga labari.

Muna tsaye layuka suna ta gudu, kwamfaila na aiki, fankar injin na kuka. Aka zo kan gwaje-gwaje, na kunnen doki ya wuce lafiya. Sai na ga FAILED ya gifta, wani ya biyo shi, har guda biyar, duk daga sauran gyare-gyaren da aka yi ta turowa cikin makonni ukun nan ba tare da an gwada su ba. Na ce to, yanzu zai yi ja. Can ƙasa sai ga "Finished: SUCCESS", ƙwallo shuɗi shar.

Anti ta jawo kujera ta zauna. "Ƙanena, buɗe mini sikirif ɗin."

Na buɗe. Ta sa yatsa a kan layin ƙarshe. "Wannan tee ɗin, wa ya sa shi?"

Git ba ya rufa wa kowa asiri, umarni ɗaya zai nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi, don haka ban wahalar da ita ba. Ni ne. Wata guda kafin nan Oga ya ce yana son rahoton gini a fayil guda da zai riƙa buɗewa daga teburinsa, ni kuma na ɗora bututu, wato alamar da ke miƙa abin da umarni ya fitar ga na gaba, a ƙarshen umarnin make na zuba shi cikin tee, wanda ke nunawa a allo yana kuma rubutawa a fayil. Har yaba mini aka yi. Abin da ban sani ba shi ne, kowane umarni in ya gama yakan bar lamba: sifili na nufin lafiya, duk wata lamba kuma matsala. Jenkins bai iya karatu ba, wannan lamba kawai yake jira. In kuwa aka jera umarni da bututu, lambar na ƙarshe ake ɗauka. Make na iya faɗuwa ya karye, tee dai ya rubuta fayil ɗinsa lafiya, ya miƙa sifili. Tun ranar da na sa layin nan, babu abin da zai iya sa ƙwallon ya yi ja, ko da an goge rabin manhajar. Jiya da dare ina ta tsine wa batir da inbata, ashe laifi tudu ne.

Maganin layi ɗaya ne, set -o pipefail, wanda ke sa faɗuwar kowane umarni a cikin jerin ta fito fili. Na sa da sauri, sai sikirif ya mutu tun a layin, ya ce bai san wannan zaɓi ba. Anti ta yi dariya har da tafa hannu. A Ubuntu, tun 2006, in ka ce sh ya gudanar da sikirif, to wani mai fassara umarni da ake kira dash ka kira, ba takwaransa bash ba, kuma dash ɗin da ke kan injinmu bai san pipefail ba. Muka canza layin farko na sikirif ya kira bash da sunansa. Muka sake tayarwa, ƙwallon ya yi ja. Ban taɓa jin daɗin ganin ja irin na ranar ba.

Ba ta bar ni na tashi ba. Bayan ta gyara gwaje-gwajen nan biyar, wanda ya cinye mana yinin Alhamis, sai ta sa na rubuta gwajin ƙarya da gangan, mai cewa ɗaya daidai yake da biyu, na tura, muka zauna muna jira har ya yi ja, sannan na cire. Ta ce duk ranar da na sake taɓa sikirif ɗin nan haka zan yi kafin in tafi gida. Muka ƙara layin da zai tsayar da gini in shekarar agogo ta gaza ta bana, muka kuma sa duk fayil ɗin da zai fita ofis a gina shi daga tushe, ko da zai ci minti ashirin. A ganina wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani, duk da Oga ya yi ƙorafin man janareta.

Da La'asar na shiga wurin Oga na faɗa masa duka, har da tee. Ya daɗe yana juya biro a hannu.

"Wato wata guda ke nan muna kai wa mutane abin da ba a gwada ba?"

"Haka ne, Yallaɓai."

"Makarantu nawa?"

Na ƙirga a zuci na ce huɗu. Ya ce in fara da Hajiya gobe kafin Juma'a, sauran ukun shi zai kira su da kansa.

Washegari ƙarfe tara ina bakin makarantar da sabon filashina. Tun daga ƙofa na ga yara suna fitowa, kowanne riƙe da farin ambulan. Na tambayi Baba maigadi ko me ake rabawa, ya ce ai hutu aka bayar yau, tun jiya da yamma aka buga sakamako. Yana rufe baki sai ga wata mota ta tsaya, wani dattijo ya fito riƙe da takarda a hannu ɗaya, 'yarsa a ɗaya hannun, yana tambayar ina ofishin shugaba.

Yadda muka kwashe da shi a ofishin Hajiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.