Jini ne ya fara faɗa mana, kafin ido ya nuna

Wata biyar kenan da muka dawo da yayanmu Hamma gida Gombe daga Indiya bayan an yi masa dashen hanta. Ciwon hanta nau'in B ne ya cinye tasa a hankali, ƙaninmu ne ya ba shi ɓangaren tasa, kuma alhamdulillahi hanta Allah Ya yi ta tana sake tofowa, cikin 'yan makonni ta mai bayarwa ta kusa komawa girmanta. Mu duk mun ɗauka an gama wahala, ashe an shiga wani babi ne.

Ran da za a sallame mu likitan ya riƙe hannuna ya ce garkuwar jikin Hamma har abada kallon baƙuwa za ta yi wa wannan hantar, shi ya sa zai sha tacrolimus, maganin danne garkuwar jiki, safe da dare, awa 12 tsakani, kuma kada mu jira ciwo kafin mu je awon jini.

Watan da ya wuce Hamma ya ce shi fa ya gaji da sukar allura, ga shi garau, yana cin tuwonsa yana fita masallaci da ƙafarsa. Na ce Hamma don girman Allah ka bari a ɗiba, ni zan biya. Da sassafe muka tafi kafin ya sha na safe, don haka ake auna maganin, lokacin da ya fi ƙaranci a jini. Sakamako ya fito, ALT da AST, sinadaran da ke hawa a jini in hanta ta ji rauni, sun hau, ɗan'uwansu GGT ma haka, tacrolimus kuma da aka aika wani gari aka auno ya yi ƙasa sosai. Na duba idonsa a hasken taga, fari tas, ba alamar shawara, ba zazzaɓi ba ƙaiƙayi. Sai da daddare matarsa ta kawo min kwalin maganin na ƙirga, ashe yana shan na safe yana tsallake na dare don ya kai ƙarshen wata, wai ya ga irin kuɗin da muke kashewa. Wallahi kuka na yi.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗannan gwaje-gwajen suna cewa hanta tana shan wahala ne kawai, ba sa faɗin wa ke ba ta wahalar. Zai iya zama jiki ne ke ƙin ta, zai iya zama toshewar hanyar matsarmama, ko ƙwayar cuta, ko tsohon ciwon ne ya dawo, kuma maganin wani kishiyar na wani ne, in ka ƙara danne garkuwa alhali ƙwayar cuta ce ka ƙara wa wuta fetur. Dole sai an soka doguwar allura an ciro ɗan tsokar hantar an duba. Haka muka kwashi hanya zuwa Abuja, aka tabbatar jiki ne ya fara yaƙarta, aka ɗaura masa ruwan maganin sitiroyid mai ƙara danne garkuwa kwana 3, lambobin suka fara sauka.

A zaman jinyar nan ne na yi ta karatu a waya. Tun 1998 wani masani a Hong Kong, Dennis Lo, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ana samun ɓurɓushin DNA na mai bayarwa yana yawo a jinin wanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda. Kun ga hikimar, hantar da ke cikin Hamma DNA ɗin ƙaninmu take ɗauke da shi, to duk ƙwayar halittarta da ta mutu sai ta zubar da nata cikin jini, in aka ga kason ƙaninmu ya yi tsalle an san ana kashe ta, wani lokacin tun kafin ALT ya motsa. Akwai kuma wani ɗan sinadari miR-122 da hanta ce ta fi kowace gaɓa yawansa, shi ma ana bincike a kai, da ƙwayoyin garkuwa da jiki ke haɗawa musamman don hantar mai bayarwa. Har yanzu dai ba su maye gurbin allurar ciro tsokar ba, don su ma duk abin da ya ji wa hanta rauni yana iya ɗaga su.

Amma ni a ganina mu ne muka fi kowa buƙatar irin wannan, ba mutumin da ke zaune kusa da asibitin da aka yi masa aiki ba. Kwalbar jini tana iya hawa mota ta tafi ita kaɗai, mara lafiya kuwa sai da ɗan rakiya da masauki da bashi.

Wani abu da likitan ya ja mana kunne a kai, rifampicin na maganin tarin fuka yana zubar da ƙarfin tacrolimus, haka jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, kada a sha sai an tambaya. Yanzu kwalin maganin yana ɗakin yayarmu Adda, ita ke ƙirgawa duk Juma'a, kuɗin kuma mun raba mu huɗu. Jibi Litinin ƙarfe 7 akwai awo, Hamma da kansa ya kira ɗazu ya ce kar in makara.